Za Mu Sauka a Hartum

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baba makwancinsa a bayan ƙauyenmu, kusa da Kamlin, a ƙasar Jazira ta Sudan. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa. In ɗauki alƙalami, in ajiye, in tashi in zaga tsakar gida, in dawo in tarar takardar tana nan fara fat. Bana dai babu wurin gudu, domin akwai tikitin jirgin sama a aljihun jallabiyata, kuma tun ranar da na saye shi zama ya gagare ni. Uwargidana ta ce ko dai in rubuta abin da ke cina, ko in fita in yi sintirina a bakin kogi in bar mata gida ta yi shara. To, ga ni na zauna.

Ku masu karatu na can gida, wataƙila ba ku san irinmu ba. Mu ne 'ya'yan mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, hanya ta yi musu tsawo, suka tsaya tsinkar auduga ta shekara guda don su ƙara guzuri, shekara gudan nan ta zama talatin. Ƙauyenmu kambo ake ce masa, wato unguwar ma'aikatan gona da ke bakin magudanar ruwa. Mahaifina, Malam Labbo, daga wani ƙauye na gabashin Sakkwato ya taso yana saurayi. Ya bar ƙanensa Arzika yana ɗan shekara goma sha biyu, ya ce masa ya kula da tsohuwa, damina uku zai dawo. Larabawan nan "ya Haj" suke kiransa har ya koma ga Allah, haka suke kiran kowane Bahaushe, shi kuwa ko tekun da ake hayewa bai taɓa gani ba. Yakan amsa musu, amma na sha ganin yadda yake kawar da kai in ya amsa.

Baba bai taɓa yarda cewa ya zauna ba. Ko wa ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Muna bisa hanya." Inna ta yi shekaru tana roƙonsa ya dasa mata lemun tsami a bayan ɗaki, ya ƙi. Gero da dawa da kuɓewa zai shuka, duk abin da ake girbewa a shekararsa, amma itace a'a, wai matafiyi ba ya dasa abin da ba zai jira ba. Da na fara aikin koyarwa na ce zan gina masa ɗakin jan bulo, sai da muka yi kwana uku ba ma magana. Ni ma ina da zuciya, nasa ne na gado. Na ce masa wace irin hanya ce mutum zai haifi 'ya'ya bakwai a kanta, har ya aurar da uku? Ya dube ni ya ce, "Ustaz, karatu ya yi maka yawa." Da yake ni ne ɗan fari ba ya kama sunana, Ustaz yake ce mini, in ya so yabo, in ya so ba'a.

Ɗaki guda ne kawai a gidanmu aka gina shi da kyau, aka yi masa daɓe, aka sa masa ƙofar katako: ɗakin baƙi. Baba shi ne mai masaukin kambonmu. Duk mahajjacin da ya ɓullo daga yamma, ƙafa a tsage, jaki a rame, gidan Malam Labbo za a nuna masa. Kuma a bakin Baba, kalmar sauka ba wasa ba ce. Idan mutum ya sauka, an karɓi kayansa ke nan, an ba shi ruwa ya wanke ƙafa, an yanka ko da zakara ne, ya kwana uku ba a tambaye shi daga ina ko zuwa ina ba. Sai a rana ta huɗu Baba zai shimfiɗa buzu kusa da shi ya fara: wane gari, wa ke sarauta, an yi ruwa bara, ko ka bi ta wajen su wane? Ta haka muke jin labarin gida, yana iso mana da shekara biyu a kansa. Ta haka Baba ya ji Arzika ya yi aure. Ta haka ya ji tsohuwarsu ta rasu, a bakin wani makaɗin kalangu da ya tuba, ya kuwa tashi ya zauna zaman makoki na kwana bakwai kamar jiya aka yi.

Sannu a hankali baƙin suka fara raguwa. Da farko manyan motoci ne suka riƙa kwashe su daga yamma zuwa bakin jirgin ƙasa, su wuce mu ta taga. Daga baya aka ce ai yanzu ta sama ake zuwa. Shekarar da na fara koyarwa ayari biyu kawai muka sauke, shekarar da ta biyo ko ɗaya. Baba bai daina share ɗakin ba. Da la'asar yakan zauna a kan gadar magudana yana fuskantar yamma, in kuwa jirgi ya yi ƙugi a sama yara suka ruga suna ihun ga alhazai can, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wai su a ina su ka alwala?" Mu yi dariya, shi ba ya yi.

Ana nan sai ga wasiƙa ta gidan waya, irinta ta farko da ta taɓa zuwa gidanmu. Da boko aka rubuta ta, mu kuwa a nan ajami da Larabci muka sani. Ni kaɗai ne a kambon zan iya taɓa ta, saboda haruffan Turancin da na koya a makaranta, kuma sai na bi kowane layi da yatsa ina haɗawa kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Daga Baffa Arzika take. Bayan gaisuwa ya ce Allah ya nufe shi da aikin Hajji a wannan shekara, ta jirgin sama daga Kano. Ya faɗi ranar tashi, wata Talata. Sannan ya ce, "An gaya mana za mu sauka a Hartum."

Baba ya sa na maimaita wurin sau uku. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, har yau in na rufe ido ina ganinta. Shekara talatin da biyar rabonsa da ɗan'uwansa, ga shi zai sauka a Hartum, tafiyar rabin yini a mota daga ƙofar gidanmu! Washegari aka fara aiki. Aka sake saƙa igiyar angarib, gadon nan namu na katako da igiya. Aka ware rago. Inna ta jiƙa gero, domin Baba ya ce kisrar nan, wainar Larabawa mai tsami, ba za ta zauna a cikin mutumin Sakkwato ba, fura za a dama masa. Kambo gaba ɗaya ya ɗauka, tsofaffi kowa na tanadin tambayar da zai yi a rana ta huɗu.

A nan laifina yake, kuma shi ne abin da ke hana ni zama. Saura kwana biyu, wani abokin aikina da ya taɓa zuwa Masar ta sama ya ji ina ba da labari a ɗakin malamai, ya girgiza kai. Ya ce wannan ai taranzit ne. Jirgi zai sauka ya sha mai, awa guda ko ƙasa da haka, fasinja ba ya fita waje, na waje ba ya shiga. Na hau keke na nufo gida da niyyar in faɗa masa tiryan-tiryan. Na tarar da shi tsaye a kan turmi, dattijo mai furfura, yana shafa wa ɗakin baƙi farar ƙasa, yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi, mutumin da ban taɓa jin ya yi waƙa ba.

Na ce, "Baba, wai an ce jirgin ba zai daɗe ba."

Ko waiwayowa bai yi ba. "Jirgi ya tahi abinai. Ni jirgi ni ka jira? Karanta mani wurin kuma."

Na karanta.

Ya ce, "To, ka ji. Arzika Bahaushe na, ya san ma'anar sauka."

Na naɗe wasiƙar. Malamin makaranta guda, mai bakin gardama a kan jan bulo, na kasa faɗin magana ɗaya da ta kamata. Na ce wa kaina ƙila abokin nawa bai sani ba, ƙila na alhazai daban ne. Ƙarya nake yi wa kaina, na kuwa sani.

Ranar Talatar muka hau lori da sassafe, ni da shi. Ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya rungume ƙwaryar fura an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, wai baƙo ya jiƙa maƙoshi kafin a kamo hanyar gida. Mun isa filin jirgi da hantsi. Mai gadin ƙofa, wani dattijon Balarabe, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Mamnu', ya Haj," wato an hana. Ba wulaƙanci ya yi mana ba, haka dokar take ga kowa, har ma shi ya zaga da mu ya nuna mana wani gefe na shingen waya inda ake hango fili sosai. A nan muka tsaya cikin rana har azahar ta gota.

Jirgin ya sauka. Aka jingina masa tsani, mutane suka fara fitowa cikin fararen kaya, aka nufi da su wata rumfa can ƙetaren fili, nisan gonar auduga guda daga inda muke. Baba ya miƙa mini ƙwarya, ya kama waya da hannu biyu, ya buɗe murya da kiran da ake yi wa ƙanen a gidan tsohuwarsu: "Arzika! Arzika na Inna!" Ga wani jirgin a gefe yana ta ruri, ni da ke kusa da shi ma da ƙyar nake jin sa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya bari, yanzu yana neman mutum mai kusan hamsin a cikin fararen riguna masu kama ɗaya. Ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Can wani mutum a ƙarshen layi ya juyo ya ɗaga hannu wajenmu. Baba ya damƙe kafaɗata ya ce, "Ga shi can! Dubi tahiyatai, ta babanmu ce sak!" Ba a yi awa guda ba aka sake jera su, suka hau, jirgin ya tashi ya yi gabas. Baba bai saki wayar ba sai da ƙarar ta ɓace. Furar ya ba mai gadi. A hanyar dawowa, da muka hango Kamlin, ya ce, "Ya yi ƙiba."

Ragon an yanka shi aka raba wa maƙwabta. Baba ya ce a bar ɗakin yadda yake, ai akwai dawowa. Aka yi Sallah, alhazai suka gama komawa, shiru. Sai bayan wata uku wasiƙa ta biyu ta zo. Na zauna a gabansa na ɗora yatsa na fara karanta gaisuwa, idona kuwa ya riga bakina zuwa ƙasa. Baffa ya ce tun daga Kano jiri ya kama shi, da aka sauka a Hartum ko tashi daga kujera bai iya ba, ya leƙa ta taga bai ga komai ba sai rairayi da rana. Da za su koma kuma ta wata hanya aka bi da su. Layin ƙarshe tambaya ce: "Yaya, ko ka zo?" Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Ya ce ya gan ka a jikin waya da farar riga, har ya ɗaga maka hannu." Baba ya ce alhamdu lillahi. Ya sa ni in rubuta amsa in ce shi ma ya gan shi, ya yi ƙiba. Na rubuta gaisuwa da fatan alheri kawai na rufe ambulan.

Washegari ya tafi kasuwar Kamlin shi kaɗai, ya dawo da dashen lemun tsami a cikin gwangwani. Ya haƙa rami a bayan ɗakin Inna da hannunsa. Inna ta tsaya da muciya a hannu tana kallonsa. Da ya gama ya zuba ruwa ya ce, "Hanya ta koma sama. Mu mun sauka." Daga ranar ban sake jin ya ce muna bisa hanya ba.

Yanzu in na je filin jirgin nan nakan tsaya in yi ta kallo. Wurin da muka tsaya mu biyu a rana ya zama tashar duniya. Na Kano ya sauka, na Injamena ya tashi, na Habasha na jira, na Jidda kuwa ba a ma ƙirga su. Har garin Damazin, can kudu da mu, ƙaramin jirgi yake zuwa. A kasuwa an buɗe ofisoshin sayar da tikiti kamar shagunan shayi, kowa na kiran nasa ya fi rahusa, in ka yarda a tsaya da kai a gari biyu a hanya ma a ƙara rage maka. Samarin kambonmu rabi suna Saudiyya wajen aiki. Autanmu Haruna direba ne a Jidda, yakan zo hutu ya koma kamar mai zuwa Rufa'a da ke nan kusa cin kasuwa. Ni kaina bara waccan na je na yi wa Baba Hajji. Jama'a, shayin da aka ba ni a sama bai gama hucewa ba aka ce mu ɗaura ɗamara za a sauka! Abin da ya gagari mutum shekara talatin da takwas. Na fito daga jirgin ina kuka, mutane na cewa shauƙin ganin ƙasa mai tsarki ne, ni kuwa haushi ne ya cika ni, ban ma san da wa nake fushi ba.

Me Baba zai ce da ya ga wannan? Nakan juya tambayar in sake juyawa. Ba na jin zai zagi jirgi. Shi ya san hanyar ƙasa fiye da masu yi mata kirari yanzu. A bayan kambonmu akwai kaburburan baƙinsa da suka iso da ciwo ba su tashi ba, shi ya wanke su, wasunsu ko sunan garinsu ba a kai ga tambaya ba. Zai yi murna tsohuwa ta je ta dawo cikin wata guda da ƙafarta lafiya. Amma zai tambaya, na tabbata, duk wannan jama'a da ke wucewa, wa ke sauke su? Na zauna a ɗakin taranzit na gani da idona: Hausawa cike, kowa rungume da jakarsa yana kallon agogo, ga 'yan'uwansu a bayan katanga tafiyar rabin yini, ba wanda ya san da wani. Mu nan abin ya ci mu ta inda ba mu zata ba. Matafiyan nan su ke kawo mana Hausa sabuwa, da labari, da irin gero, har da mata da mazan aure. Tun da suka daina biyowa, 'ya'yana in na yi musu magana da Hausa da Larabci suke amsa mini, ƙaramar ma cewa take harshen kaka ne.

Shekara uku Baba ya yi bayan dasa lemun. Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, da la'asar, ya sa aka fitar masa da angarib kusa da itacen, lokacin ko fure bai fara ba. Ya ce in matso. Ya ce, "Ustaz, ran da ka karanta takardar Arzika ta biyu, yatsanka ya tsaya, bakinka bai tsaya ba." Na ce bari in ɗauko ta in karanta masa gaskiyar abin da ke ciki. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bari. Na gode. Shi ko wanda ya ɗaga mani hannu, ko wane ne, Allah shi karɓi Hajjinai." Shekara uku yana sane, bai taɓa nuna mini ba, ya bar ni ina ganin na yi dabara.

To, me ya rage na Malam Labbo? Bai bar gona tasa ba, bai bar jan bulo ba, bai sami sunan Alhaji na gaskiya ba. Lemun yana nan, ya fi ɗaki tsayi, duk kambo a jikinsa ake tsinka. Ɗakin baƙi yana nan, Inna da tsufanta ba ta yarda a zuba buhu a ciki, ko mai tallan gishiri ne dare ya yi masa a can za a kai shi, a ba shi ruwa ya wanke ƙafa. Sai kuma tambayar nan da ke cikin akwatina shekara goma sha huɗu ba amsa. Da Baba ya rasu na rubuta wa Baffa sanarwa layi huɗu, ban taɓo tambayar ba, kunya ta hana ni. Watan jiya ɗansa ya rubuto ya ce idon tsohon ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, amma duk sanda ya ji ƙarar jirgi sai ya ce ko Yaya ya je filin nan kuwa, ko wasiƙar ba ta same shi da wuri ba.

Shi ya sa na sayi tikitin, mai rahusar, wanda zai tsaya da ni a Injamena ya sha mai. Inna ta riga ta tsinko lemu ta ƙulle a ƙyalle. Jiya na aika wa Baffa wasiƙa, na rubuta ta da manyan haruffa yadda mai karanta masa ba zai yi tuntuɓe ba. Na ce jirgi zai sauka a Kano ya tashi abinsa, wannan ba ruwanmu. Ni ne zan sauka a gidanka, Baffa, sauka irin ta Yayanka, sai a tanadi ruwan wanke ƙafa. Amma ba zan iya jiran rana ta huɗu ba. Tun daga bakin ƙofa, kafin in ajiye jaka, zan durƙusa in gaya masa: ya zo, Baffa. Ya zo da fura, ya tsaya a rana, ya kira sunanka har muryarsa ta dushe.